Garajojin Damagaram: siririn faifai tsakanin ruwa da wuta

Matafiyin da ya nufo Damagaram daga yamma, bayan ya baro Tasawa da Takyeta, duwatsu ne ke fara yi masa maraba. Manyan curi ne da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, gidajen ƙasa kuma sun raɓe a gindinsu. Garin kashi uku ne tun tuni. Ga Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take. Ga Zango, inda ayarin fatake ke sauke kaya a da idan sun keto hamada daga Gat da Tarabulus. Ga kuma Sabon Gari da ya tsiro daga baya. Faransawa sun kama garin a 1899, nan ne kuma mazaunin mulkinsu daga 1911 har 1926, shekarar da aka mai da shi Yamai.

Mulki ya ƙaura ya bar hanyoyi inda suke. Ta yamma ta miƙe zuwa Maraɗi da Yamai, kusan kilometir 900. Ta gabas ta nufi Gure da Difa. Ta kudu ta rabu biyu, ko ta Magarya ko ta Matamaye, duka Kano suke kai mutum. Ta arewa kuwa, wadda ta bi Tanut da Adarbisanat, sai ta yi wajen kilometir 450 kafin ta isa Agadas. Saboda haka aikin da Zango ya saba yi wa raƙuma bai mutu ba. Har yau a nan ake duba abin hawa, a ɗaure abin da ya kwance, kafin a fuskanci inda babu mai taimako sai Allah. Garin kuma ba baƙon ƙarfe ba ne: a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Damagaram har igwa suka zuba.

Magadan wannan sana'a suna nan a kewayen tashoshin mota da bakin hanyoyin fita gari. Garaji a nan fili ne, wani da katanga wani babu, da rumfar kwano guda, da dogon yaro mai inuwa. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin don shan mai na shekaru. Inji na reto a jikin sarƙa, yara masu koyon aiki na wanke ƙarafa cikin rabin tano, butar shayi na kan gawayi, maigidan garaji kuma yana durƙushe ya kara kunne a jikin wata mota yana sauraron bugunta kamar likita.

Motocin da littafi bai san su ba

Wanda ya zagaya waɗannan wurare zai ga Peugeot 504, wadda ta fara fitowa a 1968, aka yi ta haɗa ta a Kaduna daga 1975 har tsakiyar shekarun 2000. Zai ga Hilux da Hiace, da Land Cruiser mai injin gazuwal da ake kira 1HZ, mai silinda 6 da lita 4,2, wanda Toyota ta fito da shi a 1990. Da wuya a samu ɗaya cikinsu da take yadda ta baro kamfani.

Dalilin a fili yake. A watan Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, kayan gyaran da ake sayowa daga waje suka ninka kuɗi dare ɗaya, ma'aikata kuma a waɗannan shekaru suna bin gwamnati bashin albashi. Mota ta zama abin da ake raya shi da dabara. A 2023 ma, da aka rufe iyakar Benin, kayan da suka saba fitowa ta Kwatano sai da suka zagayo ta Lome da Burkina. Duk lokacin da sabo ya yi tsada, tsoho ne ke shan gyara. Wannan an cire mata injinta an dasa na hannu da aka sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano. Waccan an ƙara mata ganyen sifirin da tankin mai na biyu don ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. Wata an faɗaɗa ramukan silindarta an sa fistoci masu kauri. Wata an buɗe mata fanfon gazuwal don ta ƙara ja cikin rairayi, wata har turbo aka ɗora mata. Kusan dukkansu an taɓa goge kan injinsu, wasu sau biyu, wasu sau uku, kuma babu inda aka rubuta.

Duk waɗannan sauye-sauye a wuri guda suke taruwa su nemi biyan bashi. Inji gida biyu ne da aka kifa ɗaya bisa ɗaya. Na ƙasa shi ne bulok, inda fistoci ke hawa da sauka. Na sama shi ne kulas, murfin da ke rufe ramukan, inda ƙofofin shigar iska da na fitar hayaƙi suke. Tsakaninsu akwai faifai siriri, kaurinsa bai kai milimita 2 ba, wanda makanikan ƙasar nan ke kira «juwan kulas», na Kano kuma su ce «gaskit». Abu uku ke ratsa shi, kowane ta hujinsa: wutar da ke tura fistan, da ruwan da ke sanyaya inji, da man da ke shafe ƙarafa. Aikinsa ya hana su gamuwa.

Ranar da ya ƙone, motar ba ta ɓoyewa. Ruwa na raguwa ba a ga inda ya zuba ba. Idan an buɗe radiyatar inji na aiki, kumfa na tasowa ba tsayawa. Robobin ruwa su yi tauri kamar taya. Farin hayaƙi na fita ta baya ko da rana tsaka, man inji kuma ya koma kamar kunun gyaɗa. Idan mai mota ya yi kunnen ƙashi, wata safiya ruwa zai cika silinda, fistan ya taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. Daga nan an bar zancen juwan, an shiga zancen sayen inji.

Ruwa ba ya tsami banza

Abin da ya raba garajin ƙwarai da na jeka-na-yi-ka shi ne tambayar farko. Wani, da ya ji bayani, sai ya aiki yaro kasuwa. Wani kuwa sai ya tsaya ya tambayi me ya ƙona shi, domin juwan ba ya ƙonewa da kansa.

Mai laifi na farko zafi ne. A Afrilu da Mayu zafin Damagaram kan wuce digiri 40 a inuwa. Garin ya daɗe da sanin ƙishirwa, daga Gogo da Arunguza ake jawo masa ruwan sha, kuma abin da direba ya samu a rijiyar hanya shi yake zubawa a radiyatar. Irin wannan ruwa na barin farin ɓawo kamar na cikin tsohuwar buta, ya toshe ƙananan hanyoyi, ya ci ƙarfe. Murfin radiyatar ma, da ake raina shi, shi ke riƙe matsi har ruwa ya kai kusan digiri 120 bai tafasa ba. Idan robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa a 100 kamar na tukunya. Akwai kuma al'adar cire tarmosta da sunan wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. A injuna da yawa wannan ƙaramin abu shi ne ke rufe gajeriyar hanya ya tilasta wa ruwa bi ta radiyatar, saboda haka cire shi na iya ƙara zafin da ake gudu. Idan ƙarfen kulas ya sha zafi fiye da kima sai ya ɗan lanƙwashe, ya saki juwan a tsakiya, wuta ta sami hanya.

Mai laifi na biyu shi ne sauyin da aka yi wa injin. A injin esansi irin na 504, kowace guga tana rage ɗakin da wuta ke tashi, matsi ya ƙaru. Idan ya gamu da man kwalba mara kyau, sai a ji inji na ƙwanƙwasa a hawa, wannan bugu kuwa shi ke cin zoben juwan. A injin gazuwal lissafin ya fi tsauri. 1HZ yana matse iska sama da ninki 22. Da Toyota ta so mai turbo, a wannan shekara ta 1990, sai ta ƙera wani dabam, 1HD-T, da wasu fistoci da wani kulas, matsinsa kuma bai kai ninki 19 ba. Wanda ya ɗora turbo a kan na farko, ya kuma buɗe fanfo ba tare da awo ba, ya aza wa jaki kayan raƙumi. Sabon juwan ko nawa aka saye shi ba zai ɗauke masa kayan ba, sai an rage iskar da man zuwa abin da ƙarfen zai iya.

Yadda ake aikin idan ana so ya daɗe

Garajin da ya san abin da yake yi ba ya taɓa inji da zafinsa. Mota na kwana ta huce. Da safe a yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura, a wanke injin, a zubar da ruwa da mai, a yi wa kowace waya da kowane tiyo alama. Ƙusoshin kulas daga gefe ake fara sassauta su a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, don kada ƙarfen ya murɗe. Yaro na soke su a jikin kwali bisa jerin da suka fito.

A nan 504 ke da nata sirri. Ramukan silindarta bututu ne da ake zurawa a cire, waɗanda ake kira «shamis», ruwa na kewaye da su, gindinsu na zaune kan wani siririn abin toshi. Idan aka fizge kulas sama kai tsaye, shamis na iya biyo shi. Saboda haka gefe ake girgiza shi ya saki, sa'an nan nan take a danne kowace shamis da ƙarfe, kuma ba a juya inji ko kaɗan kafin a danne. Wanda ya manta wannan zai ɗaura sabon juwan lafiya lau, bayan kwana uku ya tarar da ruwa cikin mai, ya zauna yana zagin mai shago.

Tsohon juwan ba a jefar da shi sai an karanta shi. Idan ya ƙone tsakanin silinda biyu, a nemi zafi ko lanƙwasa ko ƙwanƙwasa. Idan ya ruɓe a bakin hujin ruwa, tsatsa ce. Idan baƙin hayaƙi ya zagaye zobba da yawa, ɗaurin baya ne bai kai ba. Bayan haka a kankare fuskar bulok da ta kulas a hankali, ba da injin guga na hannu ba, musamman kulas na 504 da yake na alminiyom ne mai taushi. Ramukan ƙusoshi a bushe su tas. Mai ko ruwan da ya kwanta a gindin rami yana sa ƙusa ta yi kamar ta ɗauru alhali ba ta danne komai ba, wani lokaci ma ya tsaga bulok.

Sai awo, wanda shi ne zuciyar aikin. Ana aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kulas, a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ana zura ƴan siraran ƙarafan awo a ƙarƙashinsa. Lanƙwasar da kamfanoni ke yarda da ita, gwargwadon inji, tana tsakanin milimita 0,05 da 0,20, wato daga kaurin gashin kai guda zuwa kamar uku. Ido ba ya ganin wannan, tafin hannu ma ba ya jin sa. A auna bulok shi ma. Sa'an nan a nemi tsaga, musamman tsakanin ƙofofin iska da bakin ƙananan ɗakunan wuta na injin gazuwal. Inda akwai kayan aiki, toshe kulas ake yi a hura masa iska cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa. Inda babu, akwai tsohuwar dabara: a shafa kananzir, a goge, a barbaɗa garin alli, tsagar da ta sha mai za ta fito da zanenta. Kulas da ya tsage, ko wanda guga ta riga ta cinye, canji ne maganinsa.

Zaɓen juwan shi ne inda injin da aka sauya ke yaudarar mutane. A injin gazuwal kan fistan na ɗan leƙowa sama da fuskar bulok, juwan kuma kauri-kauri ne, ana gane kowane da tsaga ko hujin da ke gefensa. Ƙa'ida ita ce a ɗora agogon awo a kan kowane fistan, a ga yadda ya leƙo, a zaɓi kaurin da ya dace. Idan an taɓa goge bulok ko an canza fistoci, lambar tsohon juwan ta daina zama hujja. Wanda ya yi siriri zai bar fistan ya kusanci kulas, wanda ya yi kauri kuma ya hana mota tashi da sanyin hunturu. Idan an faɗaɗa silinda, dole zoben juwan ya fi ramin faɗi, in ba haka ba bakinsa zai leƙa cikin wuta. Idan kuma injin dashe ne, lambar da ke jikin bulok ake bi, ba sunan da ke bayan mota ba.

Juwan a bushe ake shimfiɗa shi, ba giris, ba gam, ba fenti, fuskar da aka rubuta ta dubi sama, hujin mai ya dace da nasa. Ƙusoshin injunan Toyota irin waɗannan ana ɗaure su ne har su ɗan miƙe kamar roba, don haka a auna su, wadda ta sirance a yar. A shafa ɗan mai a zarensu, a fara daga tsakiya ana zagayawa zuwa gefe. 1HZ ƙusa 26 gare shi. Ana kai su kilo 7 da kile mai ma'auni, a ɗiga wa kowace fenti a ka, a juya ta kwatan zagaye, a bi jeri har a gama, sa'an nan a sake wani kwatan. Dogon bututu da ƙarfin dantsen yaro ba sa maye gurbin wannan, domin ƙusa ɗaya ta fi ƴar'uwarta ɗauri, kulas ya zauna a karkace.

Kafin a tayar, a daidaita alamomin lokaci, a juya inji da hannu zagaye biyu a ji babu abin da ya tokare. A sa sabon mai da sabuwar matata, a wanke radiyatar, a mai da tarmosta, a canza murfi, a zuba ruwa mai tsabta da maganin tsatsa, a fitar da iskar da ta maƙale. Sai a yi gwaji zuwa Mirya a dawo, ido na kan allurar zafi. Tsohuwar 504 tana so a sake ɗaure ta bayan kilometir 1000, a kuma daidaita ƙofofin iska. Mai ƙusoshi masu miƙewa kuwa ba a sake taɓa shi.

Ciniki a gindin dogon yaro

Duk wannan kwana biyu ne ko uku, kuma a nan gardama ke tashi. Alhaji na da kaya a ɗaure, yana so ya tashi bayan kasuwar Alhamis. Malam ma'aikaci na lissafin abin da ya rage masa kafin ƙarshen wata. A shago kuma juwan iri biyu ne cikin kwali kusan iri ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya kuɗi. Makanike mai tsoron rasa ciniki sai ya ce to, Alhaji, ya rufe inji kafin magariba ba awo ba gwaji. Mai gaskiya kuwa yakan tuna wa Alhaji cewa ba a fafe gora ranar tafiya, ko da Alhajin zai ɗauki motarsa ya kai garajin gaba.

Hanyar arewa ce ke raba wannan gardama. Bayan matatar mai ta SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 kimanin kilometir 50 daga gari, gonakin gero na ta sirancewa har Tanut, babban garin Damargu. Daga nan sai daji da garken makiyaya, sai Adarbisanat, sai gangaren Tigidit, kafin a hango hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27. Bayan Agadas akwai Arlit, akwai Dirku, akwai Jado da Cibarakatan inda zinariya ta ja dubban matasa tun 2014. A cikin rairayi mota na tafiya da ƙaramin giya, inji na kuka, iska kuma ba ta isa radiyatar, balle idan daga baya take busowa. Duk abin da aka ɓoye a garaji a nan yake tonuwa. Ruwan da inji ya fara sha kuwa daga jarkar fasinja yake fitowa.

Mutanen wannan jaha sun san abin da lalacewar mota ke nufi a can. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, da dama daga ƙasar Kance. Motoci biyu ne suka lalace da su, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mai mota ba sai ya iya riƙe kile ba kafin ya tsare dukiyarsa da rayukan da ya ɗauka. Ya isa ya tambayi makanike abin da ya ƙona juwan, ya nemi a nuna masa awon kulas da na fistoci, ya ga da idonsa da me aka ɗaure ƙusoshi. Ya kuma ajiye ɗan littafi cikin mota, a rubuta duk abin da aka sauya: ranar da aka goge kulas da nawa aka cire, kaurin juwan da aka sa, lambar injin da aka dasa. Littafin kamfani ya daina bayanin wannan mota tun ranar da aka fara taɓa ta, wanda zai buɗe ta gobe a Tawa ko Agadas kuma ba shi da abin dogaro sai wannan.

Da la'asar sakaliya, idan inuwar duwatsun Birni ta miƙe, yara na tattara kayan aiki suna ƙirgawa, ana rufe injin da ba a gama ba da buhu saboda ƙurar dare. Motocin da aka sallama sun yi layi a bakin hanyar Tanut, jarkoki ɗaure a gefensu, direbobi na jiran sanyin asuba. Allah ya kiyaye hanya.